Shari'ar Mahmoud: Iyakar Ikon Makaranta a Kan 'Ya'yan Mutane

A ranar 27 ga Yunin 2025, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar da aka sani da Mahmoud da Taylor, inda alƙalai 6 suka ba wasu iyaye gaskiya, 3 suka saɓa. Tushen rigimar littattafan labaran yara ne da hukumar ilimi ta gundumar Montgomery a jihar Maryland ta shigar cikin manhajar Turanci a 2022, waɗanda ke ɗauke da labarin auren jinsi ɗaya da na sauya jinsi. Da farko an bar iyaye su janye 'ya'yansu daga darasin, amma a Maris 2023 hukumar ta soke wannan dama, ta kuma daina sanar da su ranar da za a karanta littattafan. Iyaye Musulmi da Kiristoci suka haɗa kai suka garzaya kotu.

Hukuncin ya yi daidai, sai dai ya kamata a lura da abin da iyayen suka roƙa. Ba su nemi a cire littafi ko ɗaya daga aji ba, ba su kuma ƙalubalanci hukuncin 2015 da ya halatta auren jinsi ɗaya a faɗin ƙasar ba. Buƙatarsu ita ce a sanar da su, a kuma bar ɗansu ya fita. Yaro ɗan shekara 5 ko 6 bai kai ya auna maganar malaminsa da ta mahaifinsa ba. Abin da aka karanta masa cikin fara'a, shi yake ɗauka a matsayin gaskiya. Alƙali Samuel Alito ya jingina hukuncin da shari'ar Yoder ta 1972, wadda ta ba mabiya ɗarikar Amish damar cire 'ya'yansu daga makaranta bayan aji 8.

Ɗaya ɓangaren ma yana da hujja mai nauyi. Hukumar ta ce masu janyewa sun yi yawa har tsarin ya gagari malamai, kuma akwai yaran da iyayensu masu auren jinsi ɗaya ne, waɗanda za su ga abokansu suna tashi daga aji duk lokacin da aka ambaci gida irin nasu. Wannan ciwo ne na gaske, kuma yaron bai yi laifin komai ba. Alƙaliya Sonia Sotomayor ta yi gargaɗin cewa makarantu za su gwammace su watsar da irin waɗannan littattafai baki ɗaya don gudun ƙara. Duk da haka, wahalar tsara jadawali ba ta isa ta soke haƙƙin da kundin tsarin mulki ya tanada ba, balle ga shi dokar Maryland ta riga ta ba iyaye damar janyewa daga darasin ilimin jima'i.

Abin da masu murna da hukuncin ba su cika son ji ba shi ne, kariyar da Musulmin Maryland suka samu ta tsiraru ce, irin wadda 'yan luwaɗi da maɗigo suka daɗe suna nema daga kotunan nan. A birnin Hamtramck na jihar Michigan, inda dukkan 'yan majalisar birni Musulmi ne, lamarin ya juya: a Yunin 2023 majalisar ta haramta ɗaga tutar masu wannan fafutika, tare da tutocin addini da na siyasa, a kan kadarorin gwamnati. Majalisar ta kira matakin rashin ɗaukar ɓangare. Mazauna birnin da suka tsaya wa Musulmi a lokacin da ake ƙyamar su, har da lokacin taƙaddamar kiran salla da lasifika a 2004, da yawansu sun kira shi butulci, wasunsu kuma suka kai birnin ƙara a kotun tarayya.