Gara na cin hotunanmu, mu muna gardamar ko tarihin wa ne

1/ Zare ne, kuma mai tsawo, ku yi haƙuri. Jiya na ga abin da ya hana ni barci a wani tsohon kulob da ke GRA, nan Sakkwato. Ba zan kama sunan wurin ba, don ba tonon silili ya kawo ni ba.

2/ Abokina na raka, can yake buga tanis. Rana ta matsa, na shige barandar tsohon ginin. Bango mai kauri, rufi can sama, tagogi suna kallon juna. Ba wuta, ba fanka, amma wurin sanyi kamar gindin randa. A Sakkwato fa, cikin bazara.

3/ Hira ta haɗa ni da Baba mai gadi, har ya buɗe min sito. Jama'a, kwali uku na tsofaffin hotuna ne a ƙasa, jikin mataccen janareto da jarkokin mai. Silin ya yi shatin yoyo. Na ɗaga firam ɗaya, ƙasar gara ta zubo min a ƙafa.

4/ Hoton 'yan wasa ne sanye da fararen kaya, dukansu baƙar fata. An rubuta sunayensu a ƙasa, amma gara ta cinye layin kaf. Baba ya sa yatsa ya kira sunan mutum huɗu. Sai ya ce, "Ɗana, ran da nim mutu, waɗanga duk sun zama baƙi."

5/ Ya ce kuma ana ta maganar wai a rushe ginin a yi shaguna da ɗakin biki. Na sa hoton a WhatsApp, wani ɗan ajinmu ya amsa: "Kayan Nasara ne, mi ad damuwarka?" Wannan amsar ce ta sa na zauna rubuta zaren nan.

6/ Bari in fara ba shi gaskiyarsa. Ranar 15 ga Maris 1903 sojan Ingila suka ci Sakkwato da yaƙi a Giginya. GRA don Turawa aka yanke ta, irin waɗannan kulob ɗin ma don su aka gina. Kakanninmu a matsayin kuku da boyi da mai tsintar ƙwallo suke shiga. Ban musa ko ɗaya ba.

7/ To amma wa ya kwaɓa ƙasar ginin? Wa ya ɗora rufin? Bayan 1960 da Turawa suka tattara, su wa suka ci gaba da buga wasan? Malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e da likitocin garin nan. Hoton da na ɗaga ba Bature ko ɗaya a ciki.

8/ Kuma ko don haushin mulkin mallaka ai bai kamata ka rushe ba. Wannan ginin shaida ne. In ɗanka ya ce ka nuna mishi inda aka hana kakansa zama kan kujera a garinsu, shagon sayar da caja za ka nuna mishi?

9/ In duk abin da Bature ya kawo na jefarwa ne, ya za mu yi da wasan Fives? Wani malami Bature, Hogben, ya kawo shi Arewa cikin shekarun 1920. Sardauna ya ƙware a kai tun yana Kwalejin Katsina, har yau kuma ana gasar kofin da ke ɗauke da sunansa. Wa ke ce wa Fives kayan Nasara yanzu?

10/ Mu faɗa wa kanmu gaskiya: ba kishin ƙasa ke sa mu rushe-rushe ba, kuɗin haya ne. Ganuwar Sakkwato ai ba Nasara ya gina ta ba, ina take? Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Kware, Ƙofar Atiku, yawancinmu sunan unguwa muka ɗauke su.

11/ Abin kunyar shi ne, garin nan da ajiya aka san shi. Waziri Junaidu ya kwashe rayuwarsa yana tara takardun magabata. A ɗakin karatunsa Murray Last ya zauna kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. Jikokin masu ajiye takarda sun kasa ɗaga kwali uku daga ƙasa.

12/ Gobe kuma mu ne za mu shiga intanet muna neman tsofaffin hotunan Arewa a ma'ajiyar Kew ta Landan, muna zagin Turawa sun kwashe mana tarihi. Wanda suka ɗauka yana nan lafiya lau. Wanda suka bar mana ne gara ke ci.

13/ Ba gara kaɗai ba. Kowa ya tuna gobarar babbar kasuwa a Janairun 2021. A 2018 gidan tarihin ƙasar Brazil ya ƙone da kaya kusan miliyan 20 cikin dare guda. Mu kuma namu hotunan jikin jarkar fetur suke kwana.

14/ Masu kulob, iyayenmu ne ku, da girmamawa nake magana. Na san kulob na buƙatar kuɗin shiga. Ku yi shagunanku a bakin titi, fili bai ƙare ba. Tsohon ginin a gyara mishi rufi, a yi feshin gara, a mayar da hotunan bango. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

15/ Hotunan kuwa ko sisin gwamnati ba su jira. A ɗaga su daga ƙasa. A raba su da danshi da rana. Kar a manna musu leda da zafi, ɓata su take yi. A ɗauki kowanne da waya mai kyau, gaba da baya.

16/ Mafi gaggawa shi ne sunaye. A zauna da Baba da tsofaffin membobi, hoto bayan hoto, a naɗi muryarsu, a rubuta sunan a baya da fensir, ba biro ba. Rufi ana iya gyarawa baɗi. Tsoho in ya tafi ya tafi da abin da ke kansa.

17/ In an gama a kai kwafi Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, a aika wani Arewa House a Kaduna. Abin da ke wuri uku ba ya ɓacewa da gobara ɗaya.

18/ 'Yan Danfodiyo, musamman 'yan Sashen Tarihi: kullum muna kukan ba mu da abin rubutawa a aikin kammala digiri. Ga shi nan cikin kwali. Zan nemi izinin shugabannin kulob ɗin cikin satin nan. In sun yarda, ina neman mutum biyar ranar Asabar, da waya da littafi da fensir.

19/ Mai so ya min magana ta akwatin saƙo. Wanda ba zai samu zuwa ba, ya je gida ya roƙi kakarsa ta buɗe mishi adaka, ya tambaye ta su waye a hotunan, ya rubuta. Shi kuma ɗan ajin namu na gayyace shi, ya ce zai duba. Ku tura wa wanda kuka san babansa ko kakansa ya taɓa buga tanis a garin nan, wataƙila ya gane sauran fuskokin.