Jinkirin Isowar 'Yan Sanda a Karkara

Ana auna ingancin agajin gaggawa ne da tazarar da ke tsakanin kiran neman ɗauki da isowar jami'ai, kuma a ƙauyukan Zamfara da Katsina wannan tazara takan kai sa'o'i, har ɓarayin daji su kora shanu su shige kurmi. Lambar 112, wadda ake kira kyauta, ba ta tsinana komai idan ofishin yanki mota ɗaya gare shi, ita ma babu mai a cikinta. 'Yan sanda kimanin 370,000 ne ke tsaron mutane fiye da miliyan 200 a Najeriya, alhali dubbai daga cikinsu sun daɗe suna gadin manyan mutane, kuma mayar da waɗannan bakin aiki ya fi ɗaukar sababbi gaggawa.