Takardar Inshora Na Cikin Mota, Me Ya Sa Ake Sayar da Shinkafa Don Biyan Gyara?

Sharhinmu na yau na duk wanda ke da mota ne, ko a-daidaita-sahu, ko babur, a ƙasar Haɗejiya, tun daga cikin gari har Auyo, Kafin Hausa, Malam Madori, Kaugama, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri.

Akwai wata takarda da mai mota ke biya wa kuɗi duk shekara, ya naɗe ta cikin sauran takardu, ya cusa a aljihun gaban mota, ba ya sake tuna ta sai jami'in hanya ya ce a fito da takardu. Ranar da tsautsayi ya faɗa, ya daki motar wani a hanyar Gumel ko a cunkoson bakin kasuwa, sai ka ji ya fitar da buhunan shinkafar da ya ajiye don cefanen shekara, ko ya kai sa kasuwa, ya biya gyaran. Takardar kuwa tana nan kwance inda ya bar ta. Wannan asara ce da ba dole ba, kuma ita ce ta sa na ɗauko maganar.

Bari mu fara da abin da kuɗin ke saya. Tun ranar 1 ga Janairun 2023, hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar dole, wadda direbobi ke kira tad fati, daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida. Mutane sun yi ƙorafin ƙarin, amma kaɗan ne suka lura da ɗaya ɓangaren sanarwar: diyyar ɓarnar dukiya ita ma ta tashi daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Mai a-daidaita-sahu yana biyan 5,000, kariyarsa ta kai miliyan 2. Mai babur yana biyan 3,000, tasa miliyan 1. Babbar motar dakon kaya 100,000 ce, diyyarta ta kai miliyan 5. Kuma rundunar 'yan sandan Najeriya ta sanar da cewa daga 1 ga Fabrairun 2025 za ta riƙa kama duk wanda ba shi da ita. To tunda biyan ya zama babu makawa, ai rashin cin moriyarsa wauta ce.

Sai dai a fahimta da kyau, domin nan ne ake samun saɓani. Wannan inshora ba ta gyara motarka. Haƙƙin wanda ka yi wa ɓarna take ɗauke maka: motarsa, ko katangarsa, ko rumfarsa, ko raunin da ya ji. Idan kai aka buga, inshorar wanda ya buge ka ce ya kamata ta biya ka. Saboda haka tambayar farko a wurin haɗari, bayan an tabbatar kowa na lafiya, ita ce: Malam, wane kamfani ne ya yi maka inshora?

A nan kuma za ka ci karo da babbar matsala, wato takardar jabu. Mutane da yawa ba su taɓa ganin ma'aikacin inshora ido da ido ba. Wani ɗan tsakani ake miƙa wa kuɗi a dunƙule, a ce ya sabunta takardu, ya dawo da damin takardu masu tambari da sa hannu, a karɓa a yi godiya. Wata takardar a shagon kwamfuta aka buga ta, babu kamfanin da ya san da zamanta. Gane ta ba wuya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, kuma ko da ƙaramar waya kana iya danna *565*11#, ka shigar da lambar motarka, a gaya maka ko inshorar tana raye. Ka duba yau, kada ka bari sai mutum na tsaye a kanka yana nuna maka ƙofar motarsa da ta lotse.

Yanzu ga inda al'adarmu da ƙa'idar kamfani ke karo. Mu a nan, da an yi haɗari jama'a ke taruwa. Dattijo ya sa baki, 'yan yuniyon su zo idan motar haya ce, a ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, wanda ya yi laifi ya ce na ɗauki gyara, a ja motoci zuwa gareji kafin la'asar. Ni ba na raina wannan sulhu. Ya kashe fitinu da yawa, ya hana mutane kwana a caji ofis kan abin da bai kai ya kawo ba. Amma a cikin sharuɗɗan inshora akwai wanda ya hana ka amsa laifi ko yin alƙawarin biya ba da sanin kamfani ba. Idan fanel bita ya riga ya buɗe ƙarfen, ya shafa foti, ya fesa fenti, me jami'in kamfani zai zo ya gani? An shafe shaida, kuma da hannunka ka ba su hujjar ƙin biya.

Ana iya haɗa biyun. Ka jajanta, ka kai wanda ya ji rauni asibiti, ka kwantar da hankalin kowa. Amma kafin a motsa motocin, ka fito da waya ka ɗauki hoto: lambar kowace mota, wurin da ya lotse, yadda suka tsaya a kan titi, har da sawun birki idan akwai. Ka karɓi lambar mutum biyu da abin ya faru a gabansu. Ka kai rahoto sashen kula da haɗurra na 'yan sanda, domin kamfani zai nemi rahotonsu, musamman idan ɓarnar babba ce ko an ji rauni. Sannan ka kira lambar da ke jikin takardar a ranar, kada ka wuce wa'adin da aka rubuta. Za su buƙaci lasisin tuƙinka, da takardun mota, da ƙiyasin kuɗin gyara a rubuce. Kuma a kula da abu biyu da ke rusa neman diyya tun daga tushe: direban da ba shi da lasisi ko nasa ya ƙare, da motar da aka yi wa inshorar gida amma ake kabu-kabu da ita tsakanin Haɗejiya da Kano.

To motarka fa, wa zai gyara? Wannan sai cikakkiyar inshora, kuma NAICOM ta ce kuɗinta kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. A ce motarka ta naira miliyan 6 ce, za ka biya 300,000 a shekara. Malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwa ya san nauyin wannan kuɗi, ba zan ce kowa ya yi ba. Amma wanda motar ita ce jarinsa gaba ɗaya, ko wanda ya karɓe ta bashi yana biya wata-wata, ya zauna ya yi lissafi da gaske. Idan kuma zai yi, ya tambayi abubuwa uku kafin ya sa hannu. Nawa ne kason da zai biya daga aljihunsa a kowace ɓarna kafin kamfani ya ɗauki sauran? Idan an sa wa tsohuwar mota sabon kaya, nawa za su zaftare da sunan tsufa? Sannan a kan wace daraja aka rubuta motar? Wannan ta ƙarshen ta fi cizo. Tun da aka saki naira a tsakiyar 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma farashin motoci da kayan gyara ya bi ta. Wanda ke sabunta inshora a kan tsohon farashi, ranar da motar ta lalace gaba ɗaya abin da aka rubuta za a ba shi, ko da bai kai rabin kuɗin irinta a kasuwa ba.

Mu kuma mutanen bakin kogi muna da tambaya ta huɗu, wadda ta fi sauran muhimmanci: ruwa yana ciki? Duk wanda ya ga daminar 2020 da ta 2022 ya san abin da nake nufi. Ruwan sama ya haɗu da wanda ke gangarowa daga madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, kogi ya fantsama cikin gonaki, tituna suka yanke, matasa suka kwana suna cika buhuna da ƙasa don ƙarfafa jinga. Inshorar dole ba ruwanta da motar da ambaliya ta ci. Cikakkiyar ma, a wasu kamfanonin sai an ƙara kuɗi ake shigar da ambaliya. Ka sa a nuna maka layin da aka rubuta hakan, kada ka yarda da maganar baki.

Kuma ga shawarar da za ta cece ka daga asarar inji, ko kana da inshora ko ba ka da ita. Idan ka shiga ruwa mota ta mutu, kada ka sake murza makulli. Ruwan da ya bi ta hanyar shaƙar iska ya shiga silinda ba ya matsuwa, da fistin ya taso ya same shi sai sandarsa ta lanƙwashe, aikin da bakanike zai gama da kwance fulogi da sauya baƙin mai ya koma neman sabon inji. A cire kan batir, a tura ta tudu, a kira bakanike da mai wayarin su duba ta a bushe.

Mu shiga gareji yanzu, inda mafi yawanmu ke ƙarewa da kuɗin aljihunmu. Kuskuren da aka fi yi shi ne yin jinga a dunƙule: nawa za ka gyara min ita ta dawo sabuwa? Ka raba aikin gida uku, kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, kuɗin fenti daban, kowanne a rubuce. Ka kai motar wurin mutum biyu ko uku ka ji bakinsu. Bamba da fitila da madubi da lagireto, ka kira 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ka ji farashin sabo da na ɗan Beljiyam kafin ka miƙa kuɗi, kuma ka ce a ajiye maka tsohon da aka cire. Kada ka biya duka tun farko. Ka ba da kuɗin kaya, sauran ya biyo bayan aiki, domin motar da aka gama biyan kuɗinta ita ce ke daɗewa a ƙarƙashin bishiya tana shan ƙura.

Idan kuɗin bai kai ba, a fara da abin da ke riƙe da rai: sitiyari, birki, ƙafafu, lagireto, fitilu da gilashin gaba. Idan bugun ya taɓa shasi, nan ba wurin tsumulmula ba ne, domin motar da ƙashinta ya karkace za ta yi ta cin taya gefe guda tana janka zuwa bakin titi. Fenti yana iya jira, muddin an shafa wa ƙarfen da ya buɗe maganin tsatsa kafin damina.

Ka tsaya ka kalli aikin da idonka. Gwanin fanel bita yana sa ƙarfen tokare a bayan wurin da ya lotse, yana bi da ƙaramar guduma a hankali, yana shafawa da tafin hannu yana sauraren inda ya rage, har ƙarfen ya koma kusan yadda yake, sannan ya sa foti siriri don share ƴan ramukan da suka saura. Mai gaggawa kuwa cika ramin yake da foti ya goge ya fesa fenti, ranar karɓa tana ƙyalli. Zafin watan Afrilu na Haɗejiya da gargadar hanya su ke tona asirinsa, wurin ya tsage ya ɓanɓaro kamar busasshen laka a gindin fadama. Ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji ƙarar, ko ka ɗora ɗan maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, foti ne ya yi kauri. Kuma kada ka bari a fesa fenti a fili ranar da hunturu ke kaɗa ƙura. Araha ba ta ado.

Na san akwai masu sauraro da ke cewa, Malam, duk wannan bayani ne, amma mu shakkarmu ta addini ce. Shakka ce mai tushe. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci da aka saba tana da garari, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wato takaful, wadda aka fara kafa kamfaninta a Sudan a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma akwai kamfanoni masu lasisi irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful. A tsarin, gudummawa ake tarawa a asusu ɗaya, a biya wanda asara ta samu, idan an samu rara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Takardar mota ta waɗannan kamfanoni tana cika sharaɗin doka kamar kowace. Wanda kuma ƙarfinsa bai kai cikakkiya ba ko ta wace hanya, ya ware wani abu duk mako, ko direbobin tasha ɗaya su kafa adashin gyara mai rubutaccen tsari, da ma'aji da shaidu.

Laifin ba na masu mota kaɗai ba ne. Kamfanonin da ke karɓar kuɗin mutanen Jigawa, yawancinsu sai ka je Kano kafin ka ga ofishinsu. Mutumin Guri ko Birniwa da zai kashe kuɗin mota zuwa da dawowa sau da yawa, ga farashin fetur tun bayan cire tallafi a Mayun 2023, don neman diyyar bamba da fitila, dole ya haƙura, kuma wannan haƙurin riba ce ga kamfani. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani kwana 90 ya biya bayan an sa hannu a takardar amincewa da diyya, kuma sabuwar dokar da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025 ta maye gurbinta da nufin ƙara tsananta biyan haƙƙi a kan lokaci. Duk wanda aka ja wa rai yana da damar kai ƙara sashen karɓar koke na NAICOM, ya haɗa da kwafin duk takardun da ya miƙa da ranakun da ya miƙa su.

Kira na ga shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na masu gyaran mota a Haɗejiya shi ne su haɗa kai su nemi kamfanonin da ke sayar musu da takarda su ajiye wakili a cikin gari, wanda zai zo gareji ya duba mota cikin kwana biyu, ya karɓi hotuna ta WhatsApp, ya amince da ƙiyasin fanel bitan gida, ya kuma yi wa mutane bayanin sharuɗɗa da Hausa. Kamfanin da ya ƙi, ƙungiya ta kwashe motocin 'ya'yanta gaba ɗaya ta kai wa wanda ya yarda.