Ɓeran Landan da fargabar ɗan kasuwa

Jama'a, duk wanda ya taɓa cinikin jar akuyar Maraɗi ya san abin da ake nufi da zaɓen iri. To, masana ma sun yi haka, amma da ɓeraye.

A shekarun 1950, a asibitin Maudsley na birnin Landan, wani masani, Peter Broadhurst, ya riƙa ajiye ɓera a fili mai haske da ƙara, yana ƙirga kashin da tsoro ya sa shi yi. Ya haɗa matsorata da matsorata, masu ƙarfin hali da irinsu. Da aka yi ta hayayyafa, sai iri biyu suka fito daban. Ke nan ana gadon fargaba.

Sai dai gado ba shi kaɗai ba ne. A 1999, Michael Meaney da abokan aikinsa a jami'ar McGill ta Kanada sun nuna cewa ɗan ɓeran da aka ba uwar riƙo mai yawan lasa da kulawa yakan tashi da natsuwa.

Gaskiya ɓera bai san bashi ba, bai ga kaya sun maƙale ba lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019. Amma darasin ya shafe mu. Ɗan'uwan da barci ya ƙaurace masa, gabansa kullum yana faɗuwa, ba rago ba ne. Mu daina yi masa ba'a, mu raka shi wajen likita kafin ya faɗa wa tiramol na kan tebur. Yaran shago kuwa, a rage musu tsawa. Allah ya sa mu gane.