Garin Neman Gira: Allurar Kwalliya da Amaren Zango

Duk wanda ya aurar da ɗiya ko ƙanwa a Nima ko Mamobi ko Aboabo cikin 'yan shekarun nan ya san lissafin gyaran amarya ya sake salo. Da can abin da uwar amarya ke tanada sananne ne: lalle, kitso, dilka, halawa, turaren wuta da humra. Yanzu an soma cusa wasu abubuwa a ƙasan takardar. Akwai allurar cika leɓe, akwai ta goge tamoji a goshi, akwai ƙarin ruwa na hasken fata. In uwa ta ɗaga gira ta tambaya, amsa ɗaya ake ba ta: "Hajiya, kwantar da hankalinki, ai ba tiyata ba ce."

Wannan amsa ita muke so mu tsaya a kanta, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma gaskiyar ce ta sa take saurin shiga kunne. Tsoron wuƙar likita tsoro ne mai dalili. Manyanmu ba su manta da rasuwar Stella Obasanjo ba, uwargidan shugaban Nijeriya na lokacin, wadda ta cika a ƙasar Sifen a watan Oktoba na 2005 bayan tiyatar rage kitse. In mai wannan matsayi ba ta tsira ba, ina ga 'yar zango da ta tara sidinta da sayar da waakye? Saboda haka da aka zo wa mata da hanyar da babu yanka, babu ɗinki, babu kwanciya asibiti, ba abin mamaki ba ne da suka karɓe ta hannu biyu. Mu ma ba mu ce ƙarya ce tsagwaronta ba. A hannun ƙwararren likita, da magani na ainihi, yawancin waɗannan ayyuka sun fi tiyata sauƙin haɗari nesa ba kusa ba. Damuwarmu ita ce sharuɗɗan nan biyu, ƙwararre da magani na ainihi, su ne ake fara zubarwa da zarar abin ya iso unguwanninmu.

Mu ɗauki Botox, wadda sunanta ya fi yawo. Guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, aka tace ta, aka rage ta ƙwarai. Aikinta shi ne ta tare saƙon da jijiya ke kai wa tsoka, sai tsokar ta saki, fatar da ke kanta ta miƙe. Likitocin ido ne suka fara aiki da ita don gyara harara-garke, sai a 2002 Amurka ta amince a yi kwalliya da ita. Ƙarfinta wata uku ne zuwa huɗu. Ke nan wadda ta fara tana da shekara ashirin da biyar, in tana son fuskar ta zauna yadda take, za ta sha allura sau talatin ko arba'in kafin ta cika talatin da biyar. Mai tallar ba ta yin wannan lissafi a gaban mai saye. Kuma in aka kuskure wuri kaɗan, fatar ido ta sauko ta rufe rabin ido, sai dai a yi haƙuri har maganin ya sake ta da kansa.

Allurar ciko ta fi wannan buƙatar hattara. Mai kyaunta ana yin ta ne da sinadarin hyaluronic, wanda jikin ɗan Adam ma yana da irinsa, tana narkewa cikin wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma tana da makari, wata allura da ke narkar da ita in an sami matsala. Amma fuska cike take da hanyoyin jini, wasunsu kuma, musamman na gefen hanci da na tsakanin gira, suna haɗe da hanyar da ke shayar da ido. In bakin allura ya faɗa cikin ɗayansu, cikon ya toshe ta, fata na iya mutuwa ta yi baƙi, ido na iya rufewa cikin mintuna, kuma sau da yawa ganin ba ya dawowa. Abu ne da ba ya yawan faruwa, amma littattafan likitanci sun san shi. Kakanninmu da suka ce garin neman gira a rasa ido ba su san wannan allura ba, sai ga shi maganarsu ta sauka a kanta daidai. Likitan da ya karanci tsarin fuska ya san inda zai kauce, kuma makarin na ajiye kusa da hannunsa. Mai shagon kitso da ta yi kwas na kwana uku, ko ta koya a TikTok, ba ta san ko ɗaya ba.

Mafi muni shi ne abin da ake ɗura wa mata a mazaunai da ƙirji da sunan ciko, alhali ruwan silikon ne ko wani mai da ba a san asalinsa ba. Wannan ba ya narkewa, ba shi da makari. Yakan yi yawo a jiki, ya dunƙule, ya yi ƙurji bayan shekaru, kuma hanyar fitar da shi ɗaya ce: wuƙar da aka guje wa tun farko, a wannan karo da tabo mai faɗi.

Na'urar leza kuwa tana da nata sharaɗin da ya shafe mu kai tsaye. Haskenta yana bin duhu ne, baƙar fata kuma tana shanye shi fiye da fara, don haka na'urar da ta dace da Baturiya tana iya ƙona 'yar Aboabo ta bar mata dabbare-dabbare. Akwai irin da aka fi amincewa da shi ga fatarmu, mai lamba 1064, amma su nawa ne ke tambaya? Ga kuma tabon nan mai tudu da ake kira keloid, wanda ya fi kama baƙar fata. Wadda hujin kunne kawai ya taɓa yi mata tudu bai kamata ta miƙa fuskarta ga kowace irin tsaga ko huji ba sai da shawarar likitan fata.

Batun ƙarin ruwa na glutathione gajere ne. Bilicin ne ya sake riga. Hukumar FDA ta Gana ta hana shigo da mayukan da ke ɗauke da hydroquinone tun 2016, kuma a 2018 ta ja kunnen mata masu ciki da ke shan ƙwayoyi wai don jariri ya fito fari. Kodibuwa ta yi nata hanin a 2015, Kamaru a 2022. Da aka matsa wa kwalba, sai kasuwa ta koma jijiya.

To sai wani ya ce mu koma ga namu na gado, a huta. Muna tare da shi, amma da sharaɗi. Dilka da turara jiki da hayaƙi, waɗanda suka iso mu daga Sudan ta Cadi da Barno, da halawa, da man kaɗen da ake kawo mana daga Tamale, da sabulun salo, duk gyara ne da ba ya huda fata, kuma sun riƙe iyayenmu mata har tsufa. Sai dai kada son namu ya rufe mana ido. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi ya sha tayar wa amare da bororo a hannu ana gobe ɗaurin aure. An sha gwada kwalli a same shi da dalma, mu kuwa har jarirai muke ranbaɗa wa. Wasu masu gyaran jiki kuma suna zuba man steroid cikin dilka don amarya ta yi haske cikin mako guda, su ce sirrin gida ne. Wannan mai yana sa fata ta yi sirara, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa da wuri, abin da zai dawo ya tsaya wa mace a gaba ranar da haihuwa ta zo da tiyata.

Ta fuskar addini, malamanmu sun daɗe da bambanta gyaran lahani da sauya halitta. Suna kafa hujja da sahabi Arfaja, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. A kan wannan ne ba wanda ke jayayya da aikin da ake yi a cibiyar gyaran jiki da ƙuna ta Korle Bu ga wanda wuta ta ci ko yaron da aka haifa da tsagaggen leɓe. Hukuncin allurar da ke gushewa bayan watanni mun bar wa masu fatawa, kuma muna roƙon limamanmu su yi bincike su yi magana a kai, domin shirunsu ya bar fili ga masu talla.

Akwai kuma rabon maza a wannan laifi, ko da ba a cika faɗa ba. Saurayin da ya wuni yana kallon fuskokin da waya ta wanke ta goge, sannan ya zo yana auna budurwarsa da su, shi ne ya rubuta layin farko na waccan takarda. Haka dangin ango da ke leƙa fuskar amarya a daren kai ta, su koma suna cewa ba ta yi haske ba. Yarinya 'yar shekara ashirin ba ta da tamojin da za a goge mata, abin da take gudu shi ne bakin mutane.

Wadda duk ta yanke shawarar yi bayan ta ji wannan, ba mu da sandar hana ta. Abin da muke nema shi ne uwa ko gwaggo ko yaya ta raka ta, su tambayi sunan mai allurar, su duba ko yana cikin rajistar majalisar likitoci ta ƙasa, su ga lasisin wurin a bango, a buɗe kwalbar a gabansu su karanta sunanta da ranar lalacewarta, su kuma tambaya ko makarin yana cikin ɗakin. Kada a yi a makon biki, domin kumburi da taruwar jini kan ɗauki mako biyu kafin su kwanta. In mai shagon ta ɓata rai da tambayoyin, ko ta ce maganin haɗinta ne na musamman da ba a faɗar sunansa, su ɗauki jakarsu su fito.