Sulhun Da Aka Yi A Bayan Labule

Duk manomin ƙasar Watari ya san yadda rigimar iyakar gona take ƙarewa. Mai ƙara da wanda ake ƙara sukan shirya a gaban dagaci da dattawa, sa'an nan su koma wurin alƙali su ce sun janye. Alƙali ya rubuta, shi ke nan. Amma shaidu sun ji abin da aka shirya a kai, ko bayan shekara ashirin za su nuna inda aka kafa dutse.

Mun kawo wannan ne saboda wata shari'a da ta fi ta gona nauyi. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su. A 2007 Gwamnatin Jihar Kano ta kai ƙara, Gwamnatin Tarayya ma ta kai tata a Abuja, tana neman kusan dala biliyan 7.

Ba a yanke hukunci ko ɗaya ba. A 2009 Kano ta shirya da kamfanin a kan dala miliyan 75: miliyan 35 na waɗanda abin ya shafa, 30 na ayyukan lafiya, 10 kuɗin shari'a. Kamfanin bai amsa laifi ba, kuma sai 2011 iyalai huɗu na fari suka karɓi diyya. Duk da haka kowa ya ji lissafin, wanda ya ga an yi arha yana da abin faɗa.

Ta Gwamnatin Tarayya fa? A wannan shekara ta 2009 aka janye ta da yardar ɓangarorin biyu, aka ɓoye sharuɗɗan.

Mu ba mu ƙin sulhu. Shari'a mai tsawo lauya take ciyarwa, maraya yana jira. Mutum biyu kuwa in sun rufe sirrinsu, ruwansu. Amma Gwamnati ba don kanta ta shiga kotu ba, da sunan 'ya'yan talakawa ta shiga, da kuɗinsu aka biya lauyoyi. Akawun da ya karɓi haraji bai ba da rasit ba, kun san abin da ake kiransa. A ganinmu ya kamata a yi doka, duk ƙarar da Gwamnati za ta janye, a ajiye takardar sulhun a kotu, inda iyayen yaran za su iya sa a karanta musu.