Fure Ba Ya Riƙe Suna

A watan Afrilun 1906 sojojin Ingila suka afka wa Haɗejia, suka kashe Sarki Muhammadu Mai Shahada da jama'arsa. Masu harbin sun samu lambar yabo. Waɗanda suka faɗi fa, sunan mutum nawa muka riƙe?

Daga nan Birniwa, da wayar hannu, muna iya buɗe kundin da ƙasar Finland ta tara sunayen mamatanta na yaƙin 1939 zuwa 1945. Namu da suka je yaƙin Bama kuwa, sai a bakin tsofaffi. Kowace 15 ga Janairu a ajiye furanni, a watse.

Mu masu rubuta manhaja ba mu da uzuri. Mu naɗi muryar kakanninmu kafin ƙasa ta rufe idonsu.